Igiyar Ɓauna

A tsaunukan Toraja, inda gajimare ke kwana kan gonakin shinkafa,
makarantar tauhidinmu ɗaki huɗu ce da rabi.
Rabin shi ne ɗakin karatu,
inda gara ta riga ɗalibai sauke littattafai.

Mu uku ne malamai. Ni, Sampe, na fi tsufa.
Ibranancina tsintuwa ce
daga littafin da wani Bature ya manta,
ba bango, ba shafi goma na ƙarshe.
Shekara talatin da ɗaya ina auna wa yara da mudun nan,
in ya gaza, in cika da ɗaga murya.

Hukumar makaranta ta zauna ta ce:
rijiya ba ta ba da abin da ba ta tara ba,
a tura ɗaya ya yi zurfi.
Aka zaɓi Ribka Palinggi, wadda na koya wa harafin farko.
Ba ni ba.
Bakina ya ce amin nan take,
zuciyata sai da ta yi mako uku kafin ta biyo shi.

Kuɗin jirgi ya gagara.
Baikon Lahadi bakwai bai kai ta ko Makassar ba.
Sai tsoho Ne' Tandi ya jawo ɓaunarsa mai dabbare-dabbare,
wadda ya shekara tara yana yi wa wanka
domin ranar jana'izarsa.
Ya ce, "A sayar. Gawa ba ta ƙirga baƙi.
Ku binne ni da waƙa, ta ishe ni."
Mai saye ya ja dabba, ya bar igiya.
Na tsince ta, na rataye a ƙusar gefen allo,
ban tambayi kaina dalili ba.

Shekara huɗu tana Seoul.
Na ɗora ajinta kan nawa:
safe tarihin ikkilisiya, rana dabarun wa'azi,
dare jan biro kan takardu har fitila ta fara tari.
Wasiƙunta na zuwa da sanyi, da kabeji mai yaji,
da wani shehin malami da ya maido mata babi ɗaya sau biyar.
A kasuwa ana cewa an yi mata tayin kujera a can,
wai kifin da ya ga teku ba ya tuna kududdufi.
Ne' Tandi ya rasu a shekara ta uku.
Mun binne shi da waƙa.

Ta dawo tsakiyar damina, a bayan motar kofi,
akwati biyu na littattafai, ɗaya na tufafi,
digirin digirgir cikin leda don kada ya jiƙe.

Ranar Litinin na lallaɓa bencin baya,
gwiwoyina na gugar tebur.
Ta rubuta kalma ɗaya, daga dama zuwa hagu,
ta ce, "Wa ya san ta?"
Na kasa kame bakina. Na ce, "Bege."
Ta ce, "Haka ne, malamina.
Amma tana da wata ma'ana,
ina jin tana cikin shafukan da littafinka ya rasa:
igiya."

Yara suka rubuta.
Ni kuwa ƙusar nake kallo.

Bana Yulius yana Manila, Dorkas za ta bi baɗi.
Ribka ce ke ɗauke da azuzuwansu yanzu,
fitilarta ta koyi irin tarin tawa.
An rufe rabin ɗakin nan da kwano, an kori gara,
an buɗe ajin digiri na biyu.
Ɗalibai bakwai ne a takarda.
Na takwas furfura gare shi, ba ya biyan kuɗi,
kuma jiya ta maido masa aikinsa
karo na biyu,
ja wur da biro.